Maido da Gidan Uppark Bayan Gobarar 1989: Wace Rana Ake Mayar da Gini Gare Ta?

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Uppark, wani gidan gandu da ke gundumar Sussex ta Yamma a kudancin Ingila, tun daga gina shi wajejen 1690 har zuwa gobarar da ta cinye shi a 1989 da aikin maido da shi wanda aka kammala a 1995. Ƙungiyar National Trust, wadda ke riƙe da gidan, ta yanke shawarar mayar da shi yadda yake ana gobe gobara. Maƙalar ta nuna cewa wannan kamanni da aka yi ta fafutikar maidowa shi kansa aikin hannun mutane ne, musamman wasu mata uku da suka riƙe gidan, kuma sharuɗɗan inshora da yawan gutsattsarin da aka tsinto cikin toka sun fi ra'ayoyin masana tasiri wajen yanke shawarar.

1.0 Gabatarwa

Abin da ake kira gidan gandu a wannan maƙala shi ne babban gidan da mai dukiya ko mai sarauta yake ginawa a ƙauye, a tsakiyar filayensa, inda yake karɓar kuɗin haya daga manoma, ya sauki manyan baƙi, ya kuma nuna isarsa. Mafi kusa da shi a ƙasar Hausa su ne gidajen sarki na wajen gari, irin na Fanisau da Ɗorayi a Kano, ko da yake tsarin mallakar ƙasa da na ƙwadago ya bambanta ƙwarai. A Ingila irin waɗannan gidaje sun yi tashe daga ƙarni na 16 zuwa ƙarshen na 19. Daga nan sai faɗuwar farashin amfanin gona da harajin gado da aka ƙaƙaba a 1894 da yaƙoƙin duniya biyu suka karya su. An rushe ɗaruruwa a ƙarni na 20, har ta kai gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya shirya baje koli na musamman a 1974 a kan wannan asara. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun faɗa hannun National Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1895, wadda wata doka ta 1937 ta ba ta damar karɓar gida da kayansa a bar iyalin su ci gaba da zama a wani sashe.

Kalmar gyara a Hausa tana ɗaukar abubuwa da yawa, don haka ya kamata a rarrabe tun da wuri. Adanawa ita ce tsare abu a yanayin da aka same shi, a hana shi ƙara lalacewa. Gyara shi ne toshe ɓaraka domin abu ya ci gaba da aiki. Maidowa kuwa ita ce mayar da abu ga wani kamanni da yake da shi a wani lokaci da ya wuce, kuma a nan ne rigima take, domin gidan da ya shekara 300 ya sauya kama sau da dama. Wanda ya ce zai maido da shi tilas ya zaɓi rana guda ya bar sauran.

2.0 Waɗanda suka gina shi da waɗanda suka ƙawata shi

Uppark yana bisa tuddan South Downs, kusa da ƙauyen South Harting. Asalin wurin makiyayar barewa ce, kuma sunan yana nufin makiyayar sama, domin akwai wata a gangare. Wanda ya gina gidan shi ne Ford Grey, ɗan siyasar da ya sha tsallake rijiya da baya: an zarge shi da hannu a makircin kashe Sarki Charles II a 1683, ya jagoranci dakarun doki a tawayen Monmouth na 1685, aka kama shi, ya ba da shaida a kan abokansa, aka yi masa afuwa, daga baya kuma ya zama Earl na Tankerville a 1695. Ginin jan bulo ne mai kusurwa huɗu, bene biyu da ɗakuna a cikin rufi, wanda ake danganta zanensa ga William Talman.

A 1747 zuriyar Grey ta sayar da gidan ga Sir Matthew Fetherstonhaugh, saurayin da ya gaji dukiya mai yawa ta gawayin ƙasa da kasuwanci. Shi da matarsa Sarah Lethieullier sun yi doguwar tafiya a Italiya tsakanin 1749 da 1751, suka dawo da zane-zane, ciki har da hotunansu da Pompeo Batoni ya zana a Roma. Su ne suka sake fasalin cikin gidan: silin mai ado na farar ƙasa, sassaƙar katako a kan ƙofofi, labulen siliki, da babban zaure mai farin fenti da ruwan zinariya. Dukiyar Sir Matthew ba ta tsaya a Ingila ba. Yana da hannun jari a kamfanin Gabashin Indiya, ya kuma zuba kuɗi a wani shiri na kafa mulkin mallaka mai suna Vandalia a kwarin Ohio na Amurka. Shirin ya watse, amma hasumiyar da ya gina don tunawa da shi tana nan kango a kan tudu har yau.

Ɗansu guda, Sir Harry, ya gaji gidan a 1774. Mutum ne na tsere da caca da shagali, abokin Yarima mai jiran gado wanda ya zama George IV. A 1781 ya ajiye wata yarinya, Emma Hart, a gandun, ya sallame ta tana da ciki. Ita ce daga baya ta shahara da sunan Lady Hamilton. Bayan 1810 ya janye daga harkar fada ya koma kan gidansa, ya ɗauki Humphry Repton ya mayar da ƙofar shiga ɓangaren arewa, ya gyara lambu da ɗakin sarrafa madara. Wannan ne babban sauyi na ƙarshe da aka yi wa Uppark kafin gobara.

3.0 Yadda gidan ya tsaya cik

A 1825, yana da shekara 70, Sir Harry ya auri Mary Ann Bullock, yarinya mai kimanin shekara 20 da ke aiki a ɗakin madararsa. Masu ba da labarin gidan sun fi son wannan gaɓa saboda daɗinta a baki, amma muhimmancinta ga tarihin ginin ya fi ƙarfin tsegumi. Sir Harry ya rasu a 1846 ya bar mata komai. Ta riƙe gidan har rasuwarta a 1874, sannan ƙanwarta Frances Bullock ta karɓa har 1895. Tsawon kusan shekara 50, daidai lokacin da sauran masu gidajen gandu suke yaye tsohon ado suna sa na zamanin Sarauniya Victoria, waɗannan mata biyu sun bar kusan komai yadda Sir Harry ya bar shi. Ana iya fassara hakan da biyayya ga mamaci. Ana kuma iya ganin dabara ce ta matan da suka fito daga gidan talakawa, waɗanda suka san cewa maƙwabta masu asali suna zuba musu ido, kuma duk abin da suka sauya zai zama abin dariya. Ko wanne ne dalili, sakamakon ɗaya ne: fenti ya dushe, zinariya ta yi duhu, siliki ya koɗe, ba wanda ya taɓa.

A wannan zamani ne, daga 1880 zuwa 1893, Sarah Wells ta riƙe shugabancin hadiman gidan. Ɗanta H. G. Wells, wanda ya zama fitaccen marubuci, ya zauna tare da ita a lokuta daban-daban, ya karanta littattafan gidan, ya kuma ga yadda barori ke ɗauko abinci ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa madafa da babban gida domin kada iyayen gida su gan su. Gidan Bladesover na littafinsa Tono-Bungay, wanda ya fito a 1909, Uppark ne aka sauya wa suna. Saboda haka wannan gida yana da abin da takwarorinsa da yawa ba su da shi, wato shaidar wanda ya kalle shi daga ƙasan bene.

Mace ta uku ita ce Lady Meade-Fetherstonhaugh, wadda mijinta, wani babban hafsan sojan ruwa, ya gaji gidan a farkon shekarun 1930. Ta tarar da labule da suturar kujeru na ƙarni na 18 suna zuba kamar gari. Maimakon ta sayi sababbi, sai ta koyi wanke su da ruwan wani tsiro mai kumfa da ake kira saponariya, ta kuma ɗinke zaren da ya saki, ɗaya bayan ɗaya, a kan sabon ƙyalle da aka shimfiɗa ta baya. Ta shafe shekaru a kan wannan aiki. Don haka lokacin da aka miƙa gidan ga National Trust a 1954, abin da baƙi suke sha'awa, wato gidan da ake cewa hannu bai taɓa shi ba, ya riga ya sha hannu sosai. Tsufan nasa tsufa ne da aka yi renonsa da allura da zare. Wannan batu yana da nauyi a muhawarar da ta biyo bayan gobara, ko da yake masu suka ba su cika kula da shi ba.

4.0 Gobarar 30 ga Agusta, 1989

Ana dab da kammala gyaran rufin gidan ne wuta ta tashi, daga zafin na'urar da ma'aikata ke narka darma da ita. Da rana ne, gidan a buɗe, baƙi na ciki. Wutar ta fara daga sama tana gangarowa a hankali, wannan ne ya ba ma'aikata da 'yan sa-kai da iyalin gidan da 'yan kwana-kwana damar yin layi suna miƙa kaya hannu da hannu zuwa fili. An fizgo labule daga rataya, an yayyago takardar bango a tsaye, an cicciɓo hotuna da kujeru. Kusan duk kayan ɗakunan baƙi na ƙasa sun tsira. Kayan iyalin da ke saman bene kuwa sun ƙone, rufi da benaye suka rufto cikin ɗakunan ƙasa, aka wayi gari bango huɗu ne a tsaye, da tarin toka da ruwa a tsakiya.

Matakin da aka ɗauka a makonnin farko shi ne ya tsara duk abin da ya biyo baya. An hana kwashe ɓaraguzan da tebur a zubar. An raba kowane ɗaki gida-gida kamar yadda masu haƙar kayan tarihi suke yi, aka kwashe tokar kowane gida a garwar shara dabam, aka rubuta mata lamba. Garewanin sun kai kusan 4,000. Aka bi su da rariya, aka tsinto dubban gutsattsarin adon silin, da sassaƙa, da gilashin fitilu, da ƙarafan ƙofa, kowanne an san ɗakin da ya fito da kusurwar da ya faɗo. Aikin bai tafi salin-alin ba: a guguwar Janairun 1990 ƙarafan rufin wucin gadi da aka kafa a kan ginin sun rufto, ma'aikata biyu suka rasu.

5.0 Muhawara

Ra'ayoyi sun rabu uku ko huɗu. Wasu suka ce a rushe abin da ya rage a bar tudun ya koma daji. Wasu suka ce a ƙarfafa bangon a bar shi kango. Wasu kuma suka nemi a rufa ginin a yi masa ciki na zamani inda za a jera kayan da suka tsira. Tushen ƙin maidowa a Ingila daɗaɗɗe ne. John Ruskin, a littafinsa na 1849 kan gine-gine, ya ɗauki maidowa a matsayin ƙarya, domin a ganinsa ruhin gini yana cikin hannun magininsa na farko da alamun shekaru, kuma ba mai iya dawo da su. William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877 a kan wannan aƙida, don ya taka wa masu bin tafarkin Viollet-le-Duc na Faransa birki, waɗanda ke kammala tsohon gini bisa yadda suke zaton ya kamata ya kasance. Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta bi sahu: maidowa ta tsaya inda zato ya fara, sabon aiki kuma ya zama ana iya bambance shi da tsoho.

Amsar National Trust tana da rassa biyu, ɗaya na hujja, ɗaya na aljihu. Na hujja shi ne cewa babu zato a Uppark. Akwai hotuna, akwai bangon da yawancin adonsa na ƙasa bai faɗi ba, akwai gutsattsarin da aka tace, sannan ga kayan ɗaki da aka saya ko aka ƙera musamman domin waɗannan ɗakuna, waɗanda za su zama marayu idan aka kai su wani wuri. Na aljihu kuwa shi ne cewa inshorar gidan ta sake gini ce: kamfanin zai biya kuɗin mayar da Uppark yadda yake, ba zai ba da kuɗin a kashe a wani aiki dabam ba. Aikin ya ci kimanin fam miliyan 20. Ra'ayin wannan maƙala shi ne reshe na biyu ne ya buɗe ƙofa, na farko kuma ya halatta shiga. Da babu inshora, da hujjojin nan duka sun kwanta a takarda. Da kuma an zubar da tokar, da kuɗin sun gina kwaikwayo tsagwaronsa.

Mai nazarin ginin ƙasa na Hausa zai ga cewa aƙidar Ruskin ɗiyar ƙasar dutse da bulo ce. Soron da ba a yi masa yaɓe ba bayan damina biyu ko uku ba ya tsufa da kyau, narkewa yake yi. A irin wannan gini fatar bango sabuwa ce kullum, abin da ke da shekaru shi ne fasali da ilimin magina. Takardar Nara ta 1994, wadda aka tsara a Japan ana tsakiyar aikin Uppark, ta amince da cewa ma'aunin asali yana bin al'adar da ta haifi abu, kuma yana iya kasancewa a fasaha da amfani da gado, ba lalle sai a jikin kayan gini ba.

6.0 Aikin hannu da matsalar tsufan roba

Mafi wuyan aikin shi ne silin. Maginan ƙarni na 18 suna murza adon ganye da furanni da hannu a jikin ɗanyar farar ƙasa da aka cuɗa da gashin dabba, suna tsaye a ƙarƙashin silin, kafin ta bushe. Zuwa 1989 wannan sana'a ta kusa mutuwa a Ingila, domin an daɗe da komawa zuba ado a mazubi. Sai da aka binciki gutsattsarin don gano haɗin kwaɓin, masu aikin suka yi ta gwaji har hannunsu ya faɗa, sannan aka soke tsofaffin guntaye a wurarensu na asali aka cike tsakaninsu da sabon aiki. Haka aka yi da sassaƙar katako. Masu sana'ar da suka goge a nan sun yi amfani lokacin da fadar Windsor ta yi gobara a Nuwamban 1992.

Inda shawarar ana gobe gobara ta nuna wahalarta shi ne launi. Idan aka shafa wa zaure farin fenti mai haske da sabuwar zinariya, an mayar da shi zamanin Sir Harry, ba 1989 ba, kuma koɗaɗɗun labulen da aka ceto za su zama kamar tsumma a cikinsa. Saboda haka aka haɗa sabon fenti ya yi daidai da dushewar tsohon. A jan ɗakin zama, an mayar da yagaggun takardun bangon da aka ceto, aka buga sabuwa don cike giɓi, aka kuma kwaikwayi koɗewar da rana ta yi mata, har da wuraren da suka fi ja saboda hotuna sun rufe su shekara da shekaru. Masu suka sun kira wannan tsufan roba, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare: baƙon da bai san labari ba zai iya fita bai gane cewa silin da ke kansa bai girmi 'ya'yansa ba. Sai dai, kamar yadda aka nuna a sashe na 3.0, tsufan Uppark tun asali abin kulawa ne da gangan. Ma'aikatan 1990 sun ci gaba ne da aikin da Lady Meade-Fetherstonhaugh ta fara, da kuɗi masu yawa da ƙwararru masu yawa. Laifin da za a iya ɗora musu, idan akwai, shi ne sun daskarar da gidan a rana guda, alhali ita tana raye a cikinsa tana sauya abin da ta ga dama.

7.0 Abin da bai dawo ba

An sake buɗe gidan a 1995. Ɗakunan barori da ke ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ruwan kashe gobara ya fi yi wa ɓarna, ana nuna su ne bisa kamanninsu na ƙarshen ƙarni na 19, zamanin mahaifiyar Wells. Lambun kuma an karkata shi ga fasalin Repton na farkon wannan ƙarnin. Ke nan ko a cikin Uppark ɗin ba rana ɗaya aka zaɓa ba: sama tana 1989, ƙasa tana zamanin Victoria, waje yana zamanin Repton. Gandun kansa, wato manoma masu biyan haya, da makiyaya, da hadimai masu yawa da suka sa gidan ya zama cibiyar mulkin ƙauye, ya watse tun kafin gobara, kuma babu inshorar da ta shafe shi. Yau kuɗin tikiti da na 'yan ƙungiya ne ke riƙe da rufin.

Ƙungiyar ba ta mayar da Uppark doka ba. A ranar 29 ga Afrilu, 2015, gobara ta cinye Clandon Park, wani gidanta na ƙarni na 18 a gundumar Surrey, kuma a can kaso mai yawa na kayan ɗaki ya ƙone tare da ginin. A 2016 ta sanar da niyyar maido da manyan ɗakunan ƙasa. A 2022 ta sauya shawara, ta ce za ta rufa ginin ta adana mafi yawan cikinsa yadda wuta ta bar shi, da tsiraicin bulo da ƙonannun katakai, domin baƙi su ga yadda aka gina shi. Ƙungiyoyin masu kishin gine-ginen wancan ƙarni sun yi tir da hakan, kuma daga cikin hujjojin da aka kafa akwai Uppark.